Na Kwance Bel Ɗin, Wasila

Gusau,
Laraba, 12 ga Maris, 1975.

Zuwa ga matata Wasila, sanyin idona, ruwan randata a ranar zafi, inuwar da nake gudowa cikinta! Ina gaishe ki, in har mai laifi yana da bakin gaisuwa.

Yau kwana ashirin da uku kina gidanku a Tsafe, ni kuwa ina Gusau ina cizon yatsa.

Kin tuna ranar da aka sauke mini tsohon keken ɗinkin nan daga kura, wanda ya yi shekaru yana ɗinka tamfol kafin a jefar da shi? Tsatsa ta cinye shi, har zanzaro ya yi gida a cikinsa. Kika yi dariya, kika ce gawa na sayo. Amma wa ya riƙa miƙo mini kananzir da tsumma? Wa ya yi guɗa ranar da allurarsa ta fara motsi? Ke ce, Wasila, ke ce!

Bel kaɗai ya rage. Na nema a Gusau, na aika Bunguɗu wurin dukawa, ban sami fata mai kaurin da zai ja shi ba. Kina can wurin bikin suna a Karakkai, idona ya faɗa kan tumtum ɗinki, na jar fata, wanda marigayiya Inna ta ɗinka miki da hannunta. Wallahi ban ga hannun Inna ba, kaurin fata kawai na gani. Na sa wuƙa. Kaico! Wane irin miji ne zai dubi abin da uwa ta bari ya ga bel?

Sa'ad da kika dawo kika gani, da kin yi faɗa, da na ji sauƙi. Sai kika durƙusa kina tsince audugar da ta zube, kika ƙulle ta a bakin mayafi, kika fita.

Keken ya tashi kuwa, yana cin kujerun mota kamar ba shi ne gawar ba. Amma duk takawar da zan yi, fatar nan ce take wucewa ta gaban idona, ta dawo, ta sake wucewa. Na kasa jurewa, masoyiyata.

Shekaranjiya na kwance bel ɗin. Na mayar da shi mazauninsa da basilla, da hannuna, ɗinki bayan ɗinki, ban bar keken ya taɓa shi ba. Direbobi suna ta sintiri da yagaggun kujeru, ina ba su haƙuri.

Ga tumtum ɗin nan wurin Sahabi direba. Tabon yana nan, ban iya ɓoye shi ba. Za ki kuma ji shi a saɓule, don ban cusa masa wata auduga ba. Ta Inna tana hannunki. In kin yafe, ki zo da ita mu cika shi tare.

Naki har ranar da za a rufe ni,
Salisu mai ɗinkin kujeru.