Shirun Da Ta Bari A Cikin Waƙar

Yaya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi, maigida da jikoki kuma suna lafiya. An riga an gaya miki ta waya cewa 'yata Mamana, takwarar mahaifiyarmu, ta rasu ranar Talata. A bakin aikinta ta faɗi, tana haɗa wa majinyaci allura. Likita ya ce zuciya ce. Shekararta ashirin da takwas. Jana'iza sai Asabar. Ina cin abinci, ina karɓar gaisuwa, kada ki damu da ni.

Wani abu dabam ya sa na ɗauki biro. Kin san shekara biyu ke nan da ikilisiyarmu ta rabu saboda cire Fasto, kuma ni na rubuta takardar ficewarmu. Tun daga lokacin muke sujada a wani aji na makarantar da na shugabanta, Mamana ce ke koya wa mawaƙanmu. Jiya dattijon nan kafinta na tsohuwar majami'a, wanda ban amsa gaisuwarsa ba tun ranar rabuwa, ya zo ta'aziyya. Ya roƙa a bar mawaƙan tsohuwar majami'a su yi waƙa a jana'izar. Na gode masa, na ce hakan bai dace ba. Sai ya ce, "Malam, ai malamarmu ce. Duk Alhamis tana wurinmu."

Yaya, duk Alhamis ni nake sauke ta a ƙofar asibiti. Ashe ta ƙofar baya take fita. Shekara biyu muna cin abinci a teburi ɗaya, ban sani ba. Duk da haka ban janye maganar da na faɗa wa kafintan ba, har ya tafi.

Ki sa ni cikin addu'a.

Ƙanenki.

Yaya,

Ina sake gaishe ki, da fatan kin wuni lafiya. Mun binne ta.

Ranar Juma'a na leƙa ajin don in ji shirin mawaƙanmu. Kusan dukansu mata ne, domin masu manyan muryoyi can suka zauna lokacin da muka fita. Suna rera sabuwar waƙar da Mamana ta tsara, amma bayan kowane layi sai su yi shiru, shugabarsu ta buga tebur sau huɗu, sannan su ci gaba. Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa suke mantuwa. Shugabar ta ce a'a, haka aka koya musu, kuma da suka tambayi dalili Mamana ta ce, "Ku bar wurin a buɗe, masu shi za su zo."

Da ƙafa na tafi shagon kafinta. Na tsaya a gabansa cikin ƙurar katako. Ya tura mini benci, ya ce in zauna, aikinsa ne, ba zai kayar da ni ba. Sannan ya tambayi ƙarfe nawa mawaƙansu za su zo.

A jana'izar mazan tsohuwar majami'a suka tsaya a baranda, domin ajin ya cika. Matan suka rera layin farko suka yi shiru, sai muryoyin suka shigo ta taga, suka cika gurbin daidai, kamar jiya suka rabu. Ban yi kuka a asibiti ba. A nan ne na yi shi.

Har yanzu ina ganin ba a kyauta wa Fasto ba, kuma zan faɗa wa waɗanda suka cire shi haka a gabansu. Na sanar da mutanenmu cewa gobe a tsohuwar majami'a zan yi sujada. Wasu sun ce na ci amanarsu, ban san ko mutum biyar za su bi ni ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba na jin tsoro.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ƙanenki, wanda har yau kike kira Hedimasta.