Layukan da Babu Mai Kiran Su

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti da yara? Na san ba ka son a yi maka zancen ofis tun da suka kore ka, amma ba ni da wanda zan tambaya. Shugaba ya ce kafin mu koma sabuwar saba, wato babbar kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta, ranar Litinin, in share duk abin da ba a amfani da shi a manhajar asibiti. Akwai wasu layukan umarni a manhajar da ka rubuta ka sa musu suna "rufewa". Na duba ko'ina, babu inda aka kira su su yi aiki. In goge?

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Shugaban naku da ya ce aikina tarkace ne a gaban kowa, shi ya kamata ki tambaya. Ni yanzu gyaran waya nake yi, kuma ina barci lafiya. Ki gaida Baba.

Yayanki

Yaya,

Barka da war haka. Na goge su a gwaji, komai ya tafi daidai, shugaba har da yi min tafi. Amma hankalina ya ƙi kwanciya, don na san ba ka rubutu a banza. Wannan ɓangaren ne ke tura wa marasa lafiya saƙon ranar karɓar magani. Jiya na ga lambar Baba a ciki. Ban faɗa don in tsorata ka ba, ni ce na tsorata.

Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Kada ki goge. Ba za ki ga mai kiran su ba, don ba mu ke kira ba. Babban tsarin da ke haɗa sassan manhaja shi ke tayar da kowane sashe, shi ke kashe shi, kuma dab da kashewa yakan tsaya a layukan nan. Su ke tura saƙonnin da suka rage a layi, sannan su miƙa aiki ga saba ta gaba. Gwajinku bai taɓa kashe saba ba, shi ya sa ya wuce. Ranar Litinin za ku kashe tsohuwar, kuma in babu layukan, saƙonnin da suka rage za su ɓace.

Da ban ga sunan Baba a wasiƙarki ba, da na yi shiru, kuma abin ya dame ni. Sauran ma iyayen wasu ne.

Ki ce wa shugaba ke kika gano. Allah ya ba da sa'a.

Yayanki