Na Wanke wa Tsoho Dunleavy Fuska

9 ga Maris

Kakata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar? Ya ruwan saman Donegal, har yanzu bai gaji ba? Mu nan lafiya, sai dai na tafka ɓarna, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa, tunda ba ki da waya balle ki kira Baba.

Kin tuna mutum-mutumin tagullar nan na gaban coci, Tsoho Dunleavy, ɗan kasuwar da ya zo nan daga ƙasarku Ayalan da jaka ɗaya har ya zama ɗan majalisa? Ranar Waliyyi Patrick, babban bikin mutanen Ayalan, za a ɗora masa furanni kamar kowace shekara, kuma Baba ne mai kula da filin. Ni kuwa na ga mutumin ya yi kore shar, na ce datti ne. Na kalli wani bidiyo, wai gishiri da lemon tsami ke wanke tagulla. Yau Asabar da sassafe na ɗauki tsanin Baba na dirje fuskar har tana ƙyalli kamar sabuwar tukunya. Allah, don a yaba wa Baba na yi.

Ashe koren nan shi ke kare tagullar, shekara ɗari yana taruwa! Tsofaffi ma cewa suke don kishin ƙasa ya yi kore da kansa, tunda kore ne launin Ayalan.

Taki,
Dervla

13 ga Maris

Kaka,

Ina fata kin tashi lafiya. Ni ban tashi lafiya ba. An dakatar da Baba, wai shi kaɗai ke riƙe da makullin ɗakin tsani. Mista Tierney, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan asalin Ayalan, ya tsare shi a gaban mutane, wai Fergal, shekara talatin kana share wa Tsoho Dunleavy kashin tantabara, sai yanzu ka ga dama ka kai shi gyaran fuska? Aka yi dariya. Hoton fuskar da na dirje ya zaga ko'ina, ina karanta zagin da ake yi wa Baba a intanet. Jumma'a za su zauna a ofishin gari. In suka ce shi ne, aikinsa ya tafi.

Ki sa mu a addu'a.
Dervla

15 ga Maris

Kaka,

Gaisuwa a gurguje. Ashe Baba ya san ni ce tun ranar farko! Yau muna karyawa ya ce in rufe bakina, shi zai amsa. Wai shi korarsa kawai za su yi, ni kuwa 'yan sanda ne, kuma gidan tsofaffin da nake aiki ba za su riƙe ni ba.

Na ce to. Ya shiga wanka, na saci jiki na fito.

Na zo in gaya musu gaskiya, yanzu a kan bencin ofishin garin nake rubuta miki, ni ce ta biyu a layi. Wayata sai ruri take, shi ne, sau bakwai. Na kife ta.

Ɗanki ne, kin san taurin kansa. In ya daina yi min magana, ke za ki lallashe shi.

Sun kira sunana.

Jikarki,
Dervla