Zaren da Kika Ɗaura Min

Ya Nevena, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ke da kika fi ɓauren Agusta zaƙi!

Gaisuwa daga Burgas, daga direbanki Zahari, wanda kika bari da motar mutum hamsin da zuciyar da ta ƙi zama wuri guda. Har yanzu ƙarfe takwas muke tashi, mu kai baƙi Sozopol su zaga tsohon gari, da rana mu sauke su bakin teku su gasa bayansu, ƙarfe shida mu juyo gida. Hanya ba ta canja ba, teku bai ragu da ko cokali ɗaya ba. To, me ya sa komai ya yi min salam kamar miyar da aka manta ba a sa mata gishiri ba?

Kujerarki ta gaba an ba wani Plamen, shi ne jagora yanzu. Mutumin kirki ne, amma in ya riƙe lasifika har ni sai hamma ta kama ni. Ina zai iya irin taki? Ke da kike bin kujeru kina ƙirga kawuna, ki dawo ki dafa kafaɗata ki ce, "Arba'in da takwas, da mai kunnen ƙashi guda. Ja mu je!" Shi a takarda yake dubawa, ya ɗaga min yatsa.

Kin tuna bara, baƙi suna cikin ruwa, mu biyu muna gindin bishiyar nan ta bayan tudun yashi, da soyayyun ƙananan kifi a takarda? Iska ta fizge hularki, na bi ta a guje da tumbina, yashi ya kwashe ni na kife. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Wanda zai faɗi saboda hulata, ai gara in aure shi in huta." Ke da wasa kika faɗa, ni kuwa na ɗauka na adana.

Ran ɗaya ga Maris kika ɗaura min zaren nan ja da fari a wuyan hannu, kamar yadda kowa ke yi wa nasa. Ƙa'idar ko yaro ya san ta: ranar da ka ga shamuwar farko, ka kwance, ka ɗaura a reshe mai fure. Washegari kika tafi Jamus jinyar wata tsohuwa, wai mako uku kacal. A tasha kika ce, "Kafin ka ga shamuwa na dawo. Tare za mu ɗaura a bishiyarmu."

Wayyo Nevena, wata shida na yi ban ga shamuwa ba! Ni da nake wuce tafki safe da yamma! Kin san sheƙar nan ta kan turken wuta a ƙauyen da ke kan hanya? Tun daga nesa nake sauke makarin rana na gilashin mota, in kafe ido a kwalta. Baƙi na ihu suna ɗaukar hoto, ni ina bin farin layi da kallo. Gwaggo Donka mai sayar da ɓaure ta cafke hannuna rannan, ta ce, "Kai ɗan nan, makaho ne kai? 'Ya'yan shamuwa har sun yi fiffike, kana yawo da tsumma a hannu! Cire, kada a yi da kai a gari." Na ce ni ban gani ba tukuna. Ta daɗe tana dubana, ta cusa min ɓaure biyu a aljihu, ta kau da kai.

Sai ga saƙonki: 'ya'yan tsohuwar suna so ki zauna dindindin, ƙarshen watan nan za ki ba su amsa. Ba ki ce kin yarda ba, amma ko zaren ba ki tambaya ba, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Jiya muna dawowa, sai sama ta cika da shamuwoyi. Sun taru za su koma kudu, dubbai, suna juyi a kan tafki. Wane makari ne zai rufe su? Ina zan kai idona? Na gani, Nevena, na gani! Na tsayar da mota a gefen titi, baƙi suka ɗauka don su na tsaya, har suna tafa min. Ni kuwa na kifa kai a sitiyari ina kuka.

Ki dawo, farin cikina. Ba ni da abin da 'ya'yan tsohuwar suke da shi, sai kujera guda kusa da tawa da idon da ya makance wata shida dominki. Tsuntsu ma ya san hanyar sheƙarsa, balle ke?

Yau da safe na kwance zaren, don ba na yi miki ƙarya. Bishiyarmu ta daɗe da zubar da fure, kuma ba zan ɗaura ni kaɗai ba. Na warware shi biyu: jan yana aljihuna, farin ga shi cikin wasiƙar nan, ya yi dauɗa da gumi, ki yi haƙuri. In za ki dawo, ki taho da shi. In ba za ki dawo ba, don Allah kada ki aiko min da shi, ki bar ni da zaton yana hanya.

Naki, wanda ba zai ja mota ba a zuciyarsa sai kin cika ƙirga,
Zahari