Doguwar Barlo Ta Ba Ni Kunya a Gaban Unguwa

Malum Idrisa, don Allah ka agaje ni kafin in yi abin da zan yi da-na-sani. Wata biyu ke nan zuciyata tana tafarfasa.

Ni akawu ne a kamfanin auduga na Pitowa, amma a Garwa nake zaune. Ina da madubin hangen taurari da wani Bature mai awon ƙasa ya bar mini. Bara abokina Alphonse, malamin lise, wato makarantar sakandare, wanda muka shekara goma sha ɗaya muna cin abinci kwano ɗaya, ya tafi kwas Faransa. Na rubuta masa ya zo mini da Barlo, wato ɗan bututu mai gilashi da ake sawa a bayan madubi don ya ninka girman abin da ake kallo. Iri biyu ne, gajera da doguwa. Na ce ya zaɓo mai ƙarfi. Sai ga shi da doguwa kamar taɓarya, wai shi a ganinsa tsawo ne ƙarfi!

Madubina yana da gwiwa a baya, da ɗan madubi a cikinta, don mutum ya duba daga sama ba sai ya karya wuya ba. Ranar duban watan azumi na cika baki cewa bana ni zan fara gani. Da magariba liman ya zo, mahauta suka zo, har Alhaji Mahamman dillalin shanu da ya daɗe yana ce mini mai taɓin hankali. Ina zura doguwar a gwiwa sai ta tokare madubin ciki, ta ƙi zama. Na cire gwiwar, na durƙusa a ƙasa ina laluben sama, ban ga komai ba. Ina cikin haka Goggo Kaltouma mai ƙosai, wadda ko zare ba ta iya sawa a allura, ta ɗaga yatsa ta nuna wata. Unguwa ta kwashe da dariya. Yanzu ko nama na je saye, Mai Taɓarya ake kirana.

Tun ranar ban ƙara gaishe da Alphonse ba. Sau biyu yana sallama a ƙofata, na sa aka ce ba na nan. Ban je bikin baftismar 'yarsa Lucie ba. Yanzu na ji an mayar da shi Yawunde, ƙarshen wata zai tashi. Raina a ɓace yake, kuma ba na iya barci. Shin in kai abin nan wa maƙeri ya datse shi? Shi kuma Alphonse, ba shi ya kamata ya ba ni haƙuri ba?

Mai Kallon Sama, Garwa

*

Mai Kallon Sama, kunya a gaban jama'a tana da zafi, na yarda. Gaskiya ne kuma, ga madubi mai gwiwa gajera ta fi dacewa, domin tana zama ba ta taɓa komai.

Amma kada ka kuskura ka kai wa maƙeri. Tsawon nan da lissafi aka yanka shi. Doguwa da gajera ƙarfinsu ɗaya ne, sai dai doguwar ta kan fi fitar da hoto tas har gefe. Ka sa ta tukuna, sannan ka ɗaura gwiwar a bayanta. Za ta zauna, har girman ya ƙaru.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci da kai. Barlo tana ƙara girma ne ta rage faɗin sararin da kake gani. Mai neman jinjirin wata kuwa faɗi yake bukata. Ko gajerar aka kawo maka, Goggo Kaltouma za ta riga ka. Kuma kai da hannunka ka rubuta "mai ƙarfi", ba ka rubuta "gajera" ba. Mutum ya tuna da kai a ƙasar wasu, ya ɗauko abu tun daga can bai fashe ba, ka bar shi tsaye a ƙofa sau biyu?

Ba shi zai ba ka haƙuri ba, kai za ka ba shi. Ka je yau da ƙafarka, kada ka aika kowa, kada kuma ka kai masa dogon bayani. Sunan da mahauta suka sa maka zai gushe kafin babbar salla. In motar Yawunde ta tashi ba ku gaisa ba, wannan ba zai gushe ba. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa ka same shi a gida.

Malum Idrisa