Alwala a Kan Dutsen Ƙanƙara

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa daga garin Vénissieux, nan ƙasar Turawa. Ina gajiya, ya Hajiya da yara, ya mutanen gida? Mu nan lafiya lau, in ka cire ƙafata.

Ƙanenka mai tumbi ya biye wa Isufu da Mamman, abokan aikinsa na depo, ma'ajiyar kayan nan, muka shiga tseren kilomita saba'in a kan duwatsu, ƙanƙara na zuba. Azahar ta same mu a ƙololuwa. Ni babban malami, da ko izu biyu ban kai ba, na tuɓe takalmi da safa na yi alwala a rafi. Isufu ya ce, "Alhaji, in ka isa lahira ka riƙe mana wuri." Suka wuce suna dariya. Kafin in ankara ƙafata ta daskare, na kasa takawa. Masu ceto ne suka sauko da ni.

Likita ya yanke mini yatsun ƙafa biyu. Patron, maigidanmu a depo, ya ce gurgu ba ya dakon kaya. Liman ya zo dubiya, bai ko zauna ba ya ce, "Wa ya hana ka taimama?"

Ku taya ni addu'a kada aikin ya suɓuce. Ka gaida kowa. Inna kuwa, ka ce mata ɗanta yana salla a kan lokaci. Zancen yatsu kada ya kai kunnenta.

Ƙanenka,
Habu