Yatsan Kaka

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya yara? Ni lafiya lau, barci ne dai ya ƙi, shi ma da sauƙi.

Na je inda ake ajiye tsofaffin takardun soja, na samo na Kaka, mahaifinku, na lokacin da aka kai shi yaƙi. Gwaggo, bai gudu ya bar ku ba. Zazzaɓi ne ya kashe shi a jirgin ruwa, suna hanyar dawowa gida. Ga shi Baba ya rasu bai yafe masa ba.

Babu hoto, sai dangwalen babban yatsansa. Ma'aikaciyar wurin ta ce kar in taɓa. Tana juya baya na ɗora nawa a kai.

Don Allah, in kin idar da salla, ki sa shi a addu'a.

Ɗanki